Yadda Za Ka Samu Icen Sassaƙa a Jidda, Garin da Babu Daji

Kai masassaƙi, sanyin Jos ya kama maka gwiwa, 'yarka da ke aure a Jidda ta aiko maka biza ka zo ka sha ɗumi wata uku? Madalla. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka koma gida ba sai ka samu ice mai tauri. Malam Na'ibi ya bi su bara, kuma ya samu.

1. Cika baki tun ranar farko

Uwar mijin 'yarka za ta cika maka faranti da shinkafa da rago. Kada ka ci ka yi shiru kamar marar sana'a. Hajiya Najwa ta unguwar Hindawiyya shekara biyu tana ce wa matar ɗanta Zubaidatu, 'yar Malam Na'ibi, “yarinyar nan”, tana kuma faɗa wa maƙwabta ba a san abin da danginta suka iya ba. Malam ya ji labari, abin ya tsaya masa a rai. Ya suɗe hannu ya ce, “Hajiya, kafin in tafi zan yi miki carbi da hannuna, irin wanda ko a kasuwar Makka babu shi.” Zubaidatu ta sunkuyar da kai. Haka ake so. Yanzu mutuncin 'yarka ya rataya a kan icen da ba ka da shi.

2. Zaga titi kana ƙwanƙwasa bishiyoyi

A gida, icen bakin hanya na wanda ya riga kai gatari ne. A nan kowace bishiya da tiyon ruwanta a gindi, kuma ta baladiyya ce, wato hukumar gari. Malam ya zaga wata darbejiya sau uku yana buga ta da yatsa yana kasa kunne, har motar 'yan sanda ta rage gudu. Tariq, mijin Zubaidatu, ya ja shi gefe.

“Baba, wallahi mamnu', doka ta hana. Ko reshe ka karya, har ni za a nemi takarduna.”

3. Yarda da dabino

Za ka ga gungumen dabino a yashe a unguwar Waziriyya, ƙato, kyauta. Ɗauka. Malam ya kai nasa unguwar Mahjar, shagon Majid, wani kafinta Bayamale da ya ara masa injin juya katako. Injin na tashi, gungumen ya tarwatse ya zama zare-zare kamar soson wanka, har cikin gemu. Majid ya kashe wuta ya ce, “Ya hajji, carbi ka zo yi ko tsintsiya?” Kada ka amsa masa. Shekara arba'in kana sana'a, ba dole ba ne kowa ya san yau ka fara taɓa dabino.

4. Hau saman bene

Duk abin da ya tsufa a gidan Jidda sama yake komawa: matacciyar na'urar sanyi, akwatunan da ba su da marfi. Can Malam ya ga wani baƙin ice ya tokare ƙofar bene. Ya ɗaga, nauyi. Ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ƙirya ce, ta gida, busasshiya ƙayau. Bawan Allah saura kaɗan ya yi kuka. A nan gargaɗi ɗaya ne: kada ka tambayi mai shi. Tambaya amsa take jawowa, amsa kuma tana hana aiki.

5. Juya

Kwana uku, ƙwaya casa'in da tara. Shafa musu man zaitun har su yi sheƙi.

6. Miƙa a gaban jama'a

Ranar Juma'a bayan an sauko, dangi sun cika falo. Hajiya Najwa ta karɓa, ta murza ƙwaya ɗaya, ta kai hanci.

“Alhaji, a ina ka samu icen nan?”

“Sama, Hajiya. Wani tsohon sanda ne da ke tokare ƙofa.”

Zubaidatu ta ajiye tiren shayi.

“Taɓaryar kakata ce,” in ji Hajiya. “Da ita ta dogara daga Kano har Bur Sudan, shekara biyu a ƙafa. Ita kaɗai ta rage min daga can.”

Idan ka kai nan, daina numfashi, babu dabarar da ta rage. Hajiya ta ja carbin ƙwaya-ƙwaya har ƙarshe, hawaye na zuba. Malam kuwa yana lissafin nisan filin jirgi.

“Shekara talatin na bar ta tana tokare ƙofa,” ta ce, ta naɗa shi a wuyan hannu. “Tunda ta zama carbi, gobe za ta je Harami tare da ni. 'Yata, ƙara wa babanki shayi.”

Zubaidatu ta zuba har ya malala, don ba ta taɓa jin wannan kira daga bakin ba.

“In ya shanye,” Hajiya ta ƙara, “yalla, maza ya hau ya riƙe min ƙofar. Ga ta can iska na bugawa.”

Hattara: mai wannan rubutu bai san ka ba, bai aike ka saman benen kowa ba, kuma ba kowace Hajiya ce Najwa ba. In taka ta jefe ka da faranti, tsakaninku ne. Malam Na'ibi dai sauran watansa biyu a sama ya yi su, yana zaune jingine da ƙofa. Ya ce rana ta yi wa gwiwar amfani.