Rasuwar Farcen Babban Yatsan Anselmo

Da zuciya mai nauyi, yau Laraba ƙarfe goma na safe, ana ɗan yayyafi a Granada, Anselmo Quiroga mai sayar da zaitun yana sanar da rasuwar farcen babban yatsansa na dama. Ya rasu yana da shekara biyu da wata uku.

Marigayin mai haƙuri ne. Shi ke riƙe da tsirkiyoyi uku masu kauri na jita, idan ya taɓa ta ƙarshe ya ce dummm, har cokula sukan amsa daga kicin. Bai taɓa wanke kwano ba. Saboda shi Anselmo ya koyi ɓalle maɓalli da hagu, kuma kowace safiya yakan goge masa baki da 'yar takarda mai laushi kafin ya wanke tasa fuskar.

Ajali ya same shi jiya, lokacin da Kaka Remedios ta miƙo gwangwanin kifi ta ce, “Buɗe min, kai da ka tara farce kamar shaho.” Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas.

Ya bar ƙanne uku masu aiki, da ɗan auta da bai taɓa tsinana komai ba. Ya kuma bar jarrabawar shiga makarantar kiɗa ranar Asabar, karo na uku kuma na ƙarshe. An gwada tsokar yatsa a madadinsa, sai ta ce buf.

Za a yi jana'iza ƙarfe huɗu a cikin kwalin ashana, a tukunyar fure da ke baranda. Masu ta'aziyya su miƙo hagu. Kaka za ta kawo kifin.

An riga an karɓi gaisuwar maƙwabci, Don Casimiro, wanda ya shekara biyu yana dukan bango da tsintsiya saboda ƙarar jitar. Ɗazu ya ƙwanƙwasa, ya danƙa wa Anselmo ƙwallon tebur da gam, irin wanda makaɗa ke yankawa su liƙa a gurbin farce.

“Ungo, sarkin damu. Shirun nan ya hana ni karanta jarida.”

Kafin Anselmo ya buɗe baki, tsohon ya koma gidansa ya ja ƙofa. Saboda haka an matso da jana'iza zuwa ƙarfe uku, don magajin na bukatar lokaci ya bushe.