Injiniya Jira-Kaɗan da Shagon Labule

Ba kowace unguwa Allah ke wa baiwar mutum irin Injiniya ba. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Da ya ga makarantun sun yi nawa, sai ya taimake su ya ba kansa. Sana'arsa tsara wa 'yan kasuwa shafin intanet. Ofishinsa kuwa duk inda ya buɗe kwamfuta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A gabansa Injiniya ake ce masa. A bayan idonsa Jira-Kaɗan, don abin da yakan faɗa ke nan duk lokacin da shafin da ya tsara ya ƙi buɗewa.

Gwaggonsa ɗinkin labule take yi. Aikin faɗaɗa titi ya tashe ta daga bakin hanya, ta koma wani lungu bayan mai faci, inda ko ƙuda sai ya yi tambaya kafin ya iso. Masu saye suka ɗauke ƙafa, kekunan ɗinkinta biyu suka yi shiru. Buƙatarta ɗaya ce tak: jama'a su san inda ta koma, kafin ta rufe shagon.

"Gwaggo, kin zo gidan magani," in ji Injiniya, yana gyara tabarau. "Shafin da zan yi miki, manyan kamfanoni ma sai sun yi hassada. Ke dai zuba ido."

Ta zuba. Bayan mako uku gwanin ya kawo aiki. Da ka danna, sai wani zobe ya kama juyi, har ka manta abin da ya kawo ka. Can sai kiɗa ya ɓarke ba wanda ya roƙa. Sunan shagon ya faɗo daga sama, ya yi tsalle uku. Rubutun ruwan ɗorawa ne a kan fari, mitsi-mitsi kamar ƙwan kwarkwata. Labule kuwa sai ka ratsa shafi huɗu, ka rubuta ranar haihuwarka, sannan a nuna maka hoto ɗaya, shi ma rabinsa Injiniya ne riƙe da haɓa.

Gwaggo ta ce, "To ɗan nan, ina kwatancen shagon? Ina lambata?"

"Gwaggo ke nan! Tarkace suna ɓata tsari. Wannan fasaha ce, ba allon mai faci ba."

Lamba ɗaya ce ta samu alfarmar shiga. A ƙasan kowane shafi, da manyan haruffa, an rubuta "Tsarin Injiniya", ga lambarsa a gefe.

Wata guda cur, ko kare bai leƙo ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ranar da Gwaggo ta kira dillali ya duba kekunan don ta sayar, zuciyarta a dagule, sai ga Injiniya ya shigo yana huci.

"Mutane ba su san darajar ilimi ba! Tunda na buɗe shafin nan wayata ba ta huta ba. Wai nawa ne labulen falo, wai ina shagon yake. Ni? Na yi kama da mai sayar da labule? Jiya wata har labulen otal guda take nema. Na ce ta iya bakinta, na kashe."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Gwaggo ta dube shi, takaici ya hana ta ko ƙifta ido.

"Su nawa ne?"

"Sun fi arba'in. Duk na toshe su."

Ta ba dillali haƙuri, ta sallame shi. Ta jawo 'yar kujerar tsugunno ta dire a bakin ƙofa.

"Zauna. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ka kira, ka nemi afuwa, ka yi kwatance."

Yau kekunan biyu suna ta aiki. Shafin yana nan yana juyinsa, ba a taɓa komai ba, don Gwaggo ta ce lambar da ke ciki ta wadatar. Kullum za ka ga gwanin a bakin ƙofa, ƙafa biyu a ƙasa, waya a kunne:

"E, shagon labule ne, Hajiya. In kin wuce mai faci ki shigo lungu. Na falo? Jira kaɗan, in tambayi Gwaggo."