Akwatin Da Na Raɗa Wa Sunan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na sa wa wani baƙin akwati suna ba, ko ma na so mantawa mutanen Goronyo ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna, haushi ne ke fara zuwa, kunya ta biyo baya. Haushin akwatin, haushin inbatar ofis, haushin Malam Bube mai baki, sannan babban haushin, na kaina.

Ni mutumin Wurno ne, sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Wata ƙungiyar manoman albasa mai mambobi a Wurno da Rabah da Goronyo ta ba ni aikin manhajar da ke tura wa manoma saƙon tes: ranar da ruwa zai zo layinsu, farashin buhu a kasuwa, ranar taro. Ofishin yana Goronyo, shugaban ƙungiyar kuma Alhaji Arzika, mahaifin matata Luba. (Na san abin da za ku ce, wai ta hanyar aure na samu aikin. To ku faɗa, ba ku ne na farko ba.)

A lokacin Luba tana gidansu. Haihuwar fari ce, ta tafi goyon ciki kamar yadda aka saba, Allah ya sauke ta lafiya, muka samu ɗiya mace. Aka yi suna, aka yi arba'in, na gyara ɗaki na sayi sabon gidan sauro. Shiru. Na tura kawuna ya yi magana, aka ce a bari jaririya ta ƙara ƙwari. Na wanke ƙafa na je da kaina, na durƙusa a zaure kaina a ƙasa, na ce, "Baba, na ce ko su Luba za su..."

"Ba yanzu ba," in ji shi. Ko tasbihinsa bai ajiye ba.

Me za ka ce? A wurinmu suruki ba abokin gardama ba ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba tun da na fara neman auren, daga Baba sai Baba. Na ce to, na yi godiya (godiyar me, oho), na hau babur na dawo Wurno ina cin wuta ni kaɗai.

Da wannan zuciyar na shiga aikin akwatin. Wani baƙin akwati ne a ofis, bai wuce girman rediyon da ba, da faifan ajiya a cikinsa, an jona shi da intanet, duk takardun ƙungiya da hotuna a nan ake zuba su. 'Yan ofis suna ce masa rumbu. Yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, ana iya ɗora masa manhaja ta yi aiki. Ni kuwa kwamfutata ta tsufa, batir ya mutu, in na kunna kayan aiki sai ta yi zafi har ka ji tsoron ɗora ta a cinya. Ga hanyar Goronyo a wannan zamani ba hanyar da mutum zai riƙa bi kullum ba ce. Sai na yi dabara: in kwashe wurin aikina gaba ɗaya in zuba a cikin rumbun, kayan rubuta manhaja da na gwaji da komai, in zauna a ɗakina a Wurno in shiga ta intanet in yi aikina. A kan takarda dabara ce mai kyau.

Wallahi ban taɓa haɗuwa da na'ura mai taurin kai irin wannan ba. In ce zan shiga, ta ce ba ni da izini. In samu in shiga, in ce zan ɗora kayan aiki, ta ce ba ni da izini. Ni da aka ba lambar sirrin babba! In lallaɓa in gyara izinin, a kashe a kunna, ta mayar da komai yadda yake da, kamar ban taɓa magana ba. In fara sauke wani abu daga intanet, sai ya kusa ƙarewa sabis ya yanke. Na kunna manhajar da zan yi aiki a cikinta, ta tashi ta faɗi, wai ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan. Na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi wanda ya sayo ta, na zagi wanda ya ɗauko ta daga mota. Ina cikin haka na kai wurin da ake canza wa na'ura suna. Na dubi gurbin nan, na tuna zauren nan da tasbihin nan, sai kawai yatsuna suka rubuta: alhaji-arzika.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Har wata 'yar dariyar mugunta na yi.

Daga ƙarshe dai aiki ya zauna, sai wata matsala ta ɓullo. Inbatar ofis, na'urar da ke ba rumbun wuta daga batir, ba ta jure zafin rana, da Azahar ta yi sai ta yanke, rumbu ya mutu, ni ina Wurno ina ta danne-danne ban san ba kowa a can ba. Sai na ƙara wata dabarar (ku lura, duk bala'in nan dabara ce ta jawo shi). Na sa rumbun ya riƙa aika wa kamfanin da ke tura mana tes alamar cewa yana nan. In alamar ta ɗauke, kamfanin ya turo wa wayata sunan na'ura da kalma biyu: ya mutu. In ta dawo: ya tashi. Ni kaɗai ke karɓa. Kwanaki ina karanta “alhaji-arzika ya mutu” da rana, “alhaji-arzika ya tashi” da la'asar, ina murmushi. Allah ya yafe mani.

Ranar da abin ya faru, da safe na so in gwada manhajar yadda za ta yi aiki da gaske, sai na kwafo saitin babbar manhajar ƙungiya na ɗora a kan na gwajin. A cikin saitin nan akwai gurbin masu karɓar saƙo. A nawa an rubuta lambata. A na ƙungiya kuwa duk wani mamba ne mai waya, daga Wurno har ƙauyukan Rabah. Ban duba ba. Abu mai sauƙi, layi ɗaya, ban duba ba.

Bayan Azahar ina tsakiyar gyara, allo ya daskare, waya ta yi ƙara. Na duba na ja tsaki. Na fito ƙofar gida na zauna gindin dogonyaro ina ta ƙoƙarin sake shiga ta waya, zufa na zuba, raina a ɓace. Sai ga maƙwabcina Malam Bube, wanda shi ma mamba ne, tafe da limamin unguwarmu da wani dattijo. Suka yi sallama, na amsa ban ɗaga kai ba.

"Ka samu labarin Alhaji Arzika?" in ji Malam Bube, murya ƙasa-ƙasa.

To ni a kwanakin nan, in aka ce Alhaji Arzika, akwati nake gani. Ƙwaƙwalwata ba ta ko tsaya ta tambayi yadda aka yi suka sani ba. Na ce, "Wai ya mutu ko? Na gani. Ku rabu da shi, ko jiya ma ya mutu. Zahi na, in anka yi la'asar shina tashi."

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Ina! Sai na ƙara da cewa, "Ni wallahi na gaji da shi. Da so samu na, a hidda shi a kawo sabo."

Liman ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaro, mi kac ce?"

Sai a lokacin na ɗaga kai. Malam Bube ya miƙo mani 'yar wayarsa mai madannai. Ga rubutuna nan, da sunan ƙungiya a samansa.

Na kira Baba, waya ba ta shiga, yana fadama inda ba sabis. Na kira sakataren ƙungiya, layi a cike. Na kira Luba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce bari in tura wa kowa saƙon gyara, sai na tuna kayan tura saƙon gaba ɗaya na kwashe su na zuba a cikin rumbu, rumbu kuma ga halin da yake ciki. Dabara! Na hau babur ko hula ban ɗauka ba.

Tun daga bakin layin su Baba a Goronyo na san na gama yawo. An shimfiɗa tabarmi har ƙofar maƙwabta. Mutanen Shinaka sun riga sun iso, a kan hanyar nan da mutum ke bi da addu'a a baki. Motar Magarya tana sauke mutane. Na ji wani yana waya da 'yan Maikujera yana cewa su yi sauri kada a rufe ba su. Daga cikin gida kukan mata ke tashi. Wai da aka nemi Baba a waya aka rasa, sai aka yanke cewa a gona ya faɗi, aka tura mutane ɗauko shi, wasu kuma suka ɗauki diga suka nufi maƙabarta. Mutane suka riƙa tare ni suna riƙe mani hannu, "Sai haƙuri, Allah shi jiƙan Alhaji." Ina cewa, "Ku tsaya, ba haka na ba," suna cewa, "Allah sarki, ruɗewa ta."

Ana cikin haka sai ga baburan da aka tura fadama. A bayan na gaba, zaune daram, ƙafa duk laka, Baba ne. Bai gama saukowa ba, ashe inbata ta huce ta dawo, sai wayoyi suka ɗauki ƙara a aljifai, nan da can, ko'ina. Wani ya ciro tasa ya karanta da ƙarfi: “alhaji-arzika ya tashi.”

Wani tsoho daga Shinaka ya ce, "Aradu gaskiya na, ga shi nan!"

Wasu suka fashe da dariya, wasu da kabbara. Baba bai yi dariya ba. Ya zauna a kan tabarmar zaman makokinsa, ya karɓi waya ya karanta saƙonnin biyu a hankali, ya tambayi sakatare wa ke rubuta saƙon ƙungiya. Sakatare, da ma abin da yake jira ke nan, ya nuna ni da baki.

Na durƙusa. Na fara bayanin rumbu da inbata da saiti, ina magana ina jin yadda maganar ba ta da kai. Baba ya ɗaga hannu.

"Rumbun na da suna?"

"Shina da shi, Baba."

"Mi as sunanai?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Hwaɗi mana. Ka iya rubutawa, ka kasa hwaɗi?"

A gaban mutanen ƙananan hukumomi uku, na buɗe bakina na kama sunan surukina. Muryata kamar ta ɗan akuya. Wata tsohuwa daga bakin zaure ta ce, "La'ilaha!"

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Kuma ko rasuwa ban samu ba. Mutuwa. Kamar jaki."

Ina cewa an gama, sai ga Malam Bube ya iso da motar Wurno. Wallahi mutumin nan ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara ba da labarin gindin dogonyaro, har da a fitar a kawo sabo, har da kwaikwayon muryata. Wa ya tambaye shi? Shekara nawa muna maƙwabtaka, da janaretana yake cajin waya! Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don Allah.

Da jama'a suka watse, Baba ya sa aka kira ni zaure. Na shiga ina jiran a ce in ajiye aiki, ko ma abin da ya fi haka. Sai ya ce, "Na gane zancen. Mata taka ta, ɗiya taka ta. Shiga ka kwashe su, kada in sake mutuwa."

Ku ji rashin hankali, har wani sanyi na ji a raina. Na ce ashe dai abin ya zo da alheri. Na shiga ɗakin Luba ina shirin murmushi. Tana zaune a bakin gado da jaririya a cinya, idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. A gefe ga akwatinta a buɗe, tana fitar da kaya tana mayarwa cikin kwaba.

"Baba ya ce mu tahi," na ce.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kayan ga tun tuni na haɗa su. Kullum ni ka roƙonai shi bar ni in koma. Yau na yi kukan ubana, ɗiyar ga na kuka ban ko ji ta ba, sai da wata ta ɗauke ta. Ashe wasa kake kai da na'urarka."

"Luba, wallahi kuskure..."

"Saƙon kuskure na. Sunan hwa?"

Ta ci gaba da fitar da kaya. Ta ce, "Tahi. In na bar jin haushinka ni aiko."

Ba ta aiko ba sai da ruwa ya sauka aka yi shuka.

Darasin da na koya ba na kwamfuta ba ne, kodayake yanzu ina duba saiti kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In haushin surukinka ya kama ka, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi gunaguninka da baki, bango ba ya tura tes. Ni na gaya wa na'ura, ga abin da na samu: ɗiyata ta koyi zama a gidan kakanta, a waya aka ba ni labari.