Turaren da Ya Kasa Korata

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da aka yi mini turare har sau uku a unguwar Zahir, ni kuwa ina ta washe baki ina godiya.

Lokacin ina shekarata ta biyu da zuwa Makka karatu. Da safe aji, da yamma shagon Ammi Salihu (Ammi wato baffa da Larabci), inda ake sayar da darduma da carbi da dabino. Aikina tafinta: alhaji ya ce a rage, in juya wa Ammi da Larabci, Ammi ya ce wallahi ba riba, in juya wa alhaji da Hausa. (Ammin nan fa yana jin Hausa sarai, kakanninsa Hausawa ne, ta Sudan suka shigo. A kasuwa ne kawai take ɓace masa.) Hutu ya matso, aikin Hajji ya matso, shi kuma bai ce uffan ba kan ko zai riƙe ni. In bai riƙe ni ba, ɗan abin da nake aika wa Inna gida ya yanke ke nan. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Ana haka ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa, ni da Bashir, wani mutumin Maraɗi da ya tsufa a shagon. Na ce to, jarrabawar ta zo, tarbiyyata ake so a gani. Na goge babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na tuno karatun Inna guda biyu: kada ka zama kaza ci ki goge baki a gidan mutane, kuma yaro ba ya sallamar kansa a gaban babba.

Muka zauna a majalisi, wato ɗakin baƙi, tare da wasu baƙi huɗu. Aka kawo tire na shinkafa da naman rago, muka yi masa kaca-kaca. Ana wanke hannu Ammi ya shigo da kaskon turaren wuta, ya bi kowa da shi. Duk wanda ya turara gemunsa sai ya ce "Akramakumullah," ya nemi takalminsa. A raina na ce kai, ji marasa kunya, ko shinkafar ba ta sauka ba!

Bashir ya dube ni. "Yalla, mu tafi."

"Je ka, ina nan tafe," na ce, ina gyara zama.

Ya ƙifta mini ido, ya nuna kaskon da haɓa. Na ɗaga masa kai, wai na gane, turaren mai tsada ne. Ya girgiza kai ya fice. (Har yau in rigima ta haɗa mu sai ya ce, "Ni dai na ƙifta maka.")

Abin da ban sani ba, wanda ko yaron goye ya sani a garin nan: turare bayan abinci sallama ce. Mai gida ba zai taɓa buɗe baki ya ce baƙo ya tashi ba, hayaƙin ne ke faɗa a madadinsa. Mu kuwa a gida in an kunna maka turaren wuta, ai yanzu ka zo.

Saura ni da Ammi. Na ba shi labarin karatuna. Na ba shi labarin garinmu. Ya duba agogo, na ce Allah sarki, lokacin salla yake tsaro. Ya shiga ciki ya fito da kasko na biyu, hayaƙi ya fi na ɗazu. Na buɗe hannun babbar riga na rufe shi ruf, har hulata na cire na turara.

"Ya Ammi, wannan karamci ya yi yawa."

"Allah ya yi albarka, ya waladi," ya ce, muryarsa kamar mai ciwon haƙori.

Aka kira La'asar. Muka je masallacin unguwa muka yi salla. A bakin masallaci ya kama hannuna ya yi mini addu'a doguwa, ya juya. To ni ban ji an ce je ka ba. Na bi bayansa tiƙis-tiƙis, na cire takalmi, na koma gurbina. Wallahi da ya waiwayo ya gan ni, sai da ya dafa bango.

Kasko na uku ya zo. Ina cikin shaƙa ina lumshe ido, sai wata murya ta taso daga bayan labule, muryar tsohuwa, da Sakkwatanci tsantsa:

"Salihu! Wai yaron ga nan za shi kwana? Gawayi ya ƙare muna! An ce baƙo raɓa ne, wanga kau marka ce!"

Ammi ya yi ƙasa da murya. "Ummi, yana jin Hausa."

"Ai don shi ji nic ce!"

Jama'a, na ga kunya a rayuwata, amma wannan uwarsu ce. Ashe mahaifiyarsa ce, duk Juma'a bayan La'asar yakan kai ta Harami ta yi ɗawafi a kan keken guragu, kuma hanyar fitarta ta gaban majalisin take. Tun Azahar take shirye da mayafinta, tana jiran wani ƙato mai babbar riga ya gama shan hayaƙi. Na miƙe zumbur, na taka gefen rigar, na yi taga-taga. A raina na ce shi ke nan, aiki ya tafi, Inna ta ja mini.

Aka yaye labule. Ga 'yar tsohuwa a kan keke, ido ƙyar a kaina. Na zube na gaishe ta.

"Mi ya zaunar da kai, ɗan nan?"

"Hajiya, ba a sallame ni ba. Innata ta ce yaro ba ya sallamar kansa."

Sai ta tuntsire da dariya har da share hawaye. Ta ce rabon da ta ji wannan magana tun uwarta na da rai. Sannan ta dubi ɗanta. "Tunda ba shi da wurin zuwa, shi tura ni. Kai gwiwarka ta mutu."

Haka na tura ta zagaye bakwai, ina tashin ƙamshi kamar ɗakin amarya, mutane na waiwayena. Tsakanin addu'a da addu'a tana tambayata ko har yanzu ana dama fura da nono mai kyau a gida. A mota ta yanke hukunci ba tare da ta nemi shawarar kowa ba: "Salihu, riƙe shi. Wanda turare ukku bai tayar ba, alhazai ba su tayar da shi daga shago."

Na yi aikin shagon a Hajjin shekarar da na wadda ta biyo. Na kuma koyi cewa ladabi ma yana da ƙasarsa, in ka tsallaka da shi teku sai ka tambayi 'yan gari yadda ake sa shi.

Sai dai karatun ya shige ni fiye da kima. Ranar da na koma gida hutu, Inna ta share ɗaki, ta kunna mini turaren wuta don murna. Tana juyowa ta gan ni a bakin ƙofa ina neman takalmina.