Yadda Za Ka Ci Riƙon Mukayyif Bayan Saki

Kai da ka saki matarka a Jidda, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse mukayyif, na'urar sanyin ɗakin nan, a hannunka zai ƙare. Da matakan nan ne Maman Lawali, wani tela a unguwar Bab Makka, ya yi nasara.

1. Dubi wata kafin ka buɗe baki

Mai hankali ba ya saki a Agusta, lokacin da zafin Jidda ya fi tsanani. A watan ne Maman Lawali ya yi wa matarsa Hadjara saki ɗaya saboda shinkafar kabsa ta yi gishiri. Malamai sun ce ta yi idda a ɗakinta, amma kafin la'asar yayanta Khalil ya iso da mota, ya kwashe ta da kayanta.

2. Gano abin da yake naka

Gado, katifa, bargo, kwanuka, labule, duk kayan ɗakinta ne, iyayenta suka yi mata. Naka su ne tabarma, cajar waya da ramin bangon da aka ciro mukayyif. Khalil ne ya saya mata shi. Ka ce ka manta.

3. Tsaya gaban mai sulhu

Kada ka ce naka ne, ka ce ya shaƙu da kai. Kai kake wanke shi, kai ka san kukansa, kai kake tara masa bokiti in yana ɗiga. In hawaye ya ƙi zuwa, gumi ma yana aiki.

4. Kada ka kira 'yarka shaida

Maman Lawali ya tambayi 'yarsa Shahad wajen wa za ta zauna.

“Wallah ina sonka, Baba,” ta ce, “bas inda mukayyif yake, nan nake.”

5. Nemi ziyara

Kowace Juma'a ka je gidan Khalil a unguwar Nuzla ganin yarinya. Zauna daidai saitin iska. Ka riƙa tuna sunan yarinyar.

6. Tafi biko kafin idda ta cika

Ɗauki dattijo da turare. In ana magana, dubi ƙasa, kada ka dubi bango. Maman Lawali yana cikin cewa “Hadjara, ba na iya barci ba ke,” sai wuyansa ya juya da kansa.

Hadjara ta bi idonsa da kallo.

“Yaya Khalil, halas, ya isa haka,” ta ce. “Ciro masa abin da ya zo biko. Yalla.”

Ka gani? Hanyata ba ta ƙarya. Yanzu ɗakinsa ya fi na kowa sanyi a unguwar. Yana kan tabarma ya lulluɓa da ƙyallayen da mutane suka kawo ɗinki, yana jira ko Shahad za ta cika maganarta. Ashe uwarta ta sayi sabo.

Hattara: ni mukayyif na yi maka alkawari. Mura, ciwon baya da shirun ɗaki ba ruwana. Wadda za ka ce wa “rage sanyin nan” kuwa, kai ka kore ta tun a Agusta.