Ragon Mahfuza Mai Layar Zana

Labari ya iso Batsari wai ragon Mahfuza ya samu layar zana: ka gan shi bakin rijiya, ka ƙifta ido, sai ga shi a gindin dalbejiya. To ku kwantar da hankalinku, ragon nan ban da dusa bai san komai ba. Wani Alhaji ne a Katsina zai saye shi, ya ce sai ya ga bidiyon tafiyarsa. Ita kuwa taubashiyar tawa ta ɗauko bidiyo mai tsalle-tsalle, Alhaji ya ce ragon ɗingishi yake, ciniki na neman rushewa. Na hau mashin sai gidansu a Safana, Mahfuza ta tare ni.

"...lafiya lau, ɗan mace. Wa ya gayyato ka?"

"Kukan wayarki na jiyo tun daga Batsari. Me kika sa mata?"

"4K. Mai shago ya ce shi ne ƙarshen kyau."

"A wannan wayar da ta girmi Kaka? Shi ya sa take shaƙewa! Rage kyan, ki sa sittin."

"Sittin ɗin me, Malam Mannir mai digirin firamare?"

"Hoto sittin duk daƙiƙa. Tafiya za ta fito sumul. Naki kuwa gashi kawai yake ƙirgawa."

"Gashin nake so a gani! Da sabulun wankana nake wanke shi."

"Ashe shi ya sa ya fi ki haske. Alhaji ƙafa yake tambaya, ke kina nuna masa kwalliya. Aure zai yi da ragon?"

"Ko auren ne, zai riga ka samun mata."

Na karɓi wayar na gyara, na miƙa mata. Rago ya ƙi motsi. Na ce bari in nuna musu aikin maza, na ja masa wutsiya. Jama'a, rantsuwa ba kyau, amma sai da ya zagaya gidan da ni sau uku kafin ya aika ni cikin kwatami.

Ashe duk tana ɗauka, nan take ta tura wa Alhaji bidiyon. Alhaji ya bugo yana dariya har da tari, ya ce a ɗora rago a mota.

"Kin ga aikin sittin? Ina tukuicina?"

Ta miƙo mini ragowar sabulun ragon.

"Ka yi gaskiya, gudunka ya fito sumul. Amma tashi ka sake ja masa wutsiya, zan mayar da wayar 4K. Hawayen naka ne ba su fito sosai ba, kuma dangi na jira."