Ranar da Na Wanke Fuska da Ruwan Bula

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da na so zuwa Ikko ba.

Lokacin ina ƙaramin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa da kaɗanya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Minna. Kullum daga Ketaren Gwari nake tuƙo keke, kafin in iso gumi ya jiƙa ni sharkaf. Sai na ƙirƙiro dabara. Farar rigar aiki tana naɗe a bayan keke, ni kuma ina sanye da tsohuwa. In na iso sai in shige ɗakin ajiyar buhuna da 'yar gorar ruwa, da tsumman tsohon rawani, da ɓarin lemun tsami na shafa wa hammata. Ruwan da ya rage in zuba wa wata gwanda da ke bayan taga. Ko ɗigo ba ya tafiya a banza (wannan tarbiyyar matata Hajara ce, wadda ruwan wankin shinkafa ma sai ta samo masa aiki).

Ana nan sai babban akawunmu, Baba Ndagi, wani dattijo mutumin Bida, ya ce za a tura mutum ɗaya Ikko koyon keken rubutu na wata uku. Ko ni ko Garba, abokin zamana a tebur. Ya ce ranar Litinin zai dube mu ya zaɓa, kuma shi mai tsafta yake so, kada a je a kunyata shi.

Tun daga ranar na daina zama a Minna, jikina kawai ake gani. Ban taɓa ganin teku ba. In jirgi ya yi kuka a tasha sai in ji kamar da ni yake. Ina tuƙa keke ina ganin kaina a bakin wani ruwa marar iyaka, iska na kaɗa mini riga, jiragen ruwa na wucewa a hankali. Ina son tafiyar nan har cikin raina.

Ranar Lahadi Hajara ta wanke farar rigar, ta sa mata bula da sitaci. Ta dama su da kauri, suka yi saura, ita kuwa ba ta zubarwa. Sai ta juye a wata gora ta rataye kusa da tawa. Da safe na miƙa hannu na ɗauki wadda ta fi kusa.

A ɗakin buhuna babu haske sosai, madubi kuwa ba a maganarsa. Na jiƙa tsumma, na lumshe ido, na goge fuska da wuya da bayan kunne. Na ji ruwan da ɗan santsi, har na ce a raina watakila haka ruwan teku yake (ku dai ku yi mini uzuri). Na sa riga, na goya hannuwa a baya irin tafiyar manya, na nufi ofis. Fatar fuskata ta fara ɗaurewa, na ɗauka kwarjini ne ke sauko mini.

Garba na tsaye gaban tebur. Ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina tsoro ya kama shi.

Baba Ndagi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallona.

"Yarona," ya ce da Hausarsa ta mutanen Bida, "matanka ya wanke ka tare da riga ne?"

Na yi niyyar murmushi, kumatuna suka ƙi motsi. Sai a lokacin na kawo hannuwana gaba. Shuɗi ne har wuyan hannu, sitaci ya bushe yana ɓarewa kamar bayan busasshen kifi. Wuyan rigar ma ya sha nasa.

"Baba, kuskure ne," na ce.

"Na sani. Amma wanda bai gan fuskansa ba, yaya zai gan hanya a Ikko? Je ka wanke."

Garba ne ya tafi. Ni na raka shi tasha, ni na ɗora masa akwati, na tsaya har hayaƙin jirgin ya ɓace. Wallahi na yi hawaye, na fake da cewa gawayi ne ya faɗa mini a ido.

Da na koma gida na ba Hajara labari, sai ta ce, "To Malam, sauran bular fa, ka dawo da ita?"

Na dawo da ita kuwa. Tun daga ranar na koyi cewa tunanin teku ba laifi ba ne, amma mutum ya fara leƙa cikin gorar da ke hannunsa.